Taswirar Abuja da Matsalar Muhalli: Wace Unguwa Ce Ta Dace da Wa?

ABUJA — Shekaru fiye da talatin bayan da Gwamnatin Tarayya ta ƙaura daga birnin Ikko zuwa Abuja ranar 12 ga Disamba, 1991, matsalar muhalli na nan a sahun gaba cikin abubuwan da ke ci wa mazauna Birnin Tarayya tuwo a ƙwarya. A Maitama da Asokoro akwai manyan gidaje da aka gama ginawa, suna shafe shekaru a kulle babu mai haya. A kan hanyar Keffi kuwa, tun daga Masaka da Mararaba har zuwa Nyanya, dubban ma'aikata da 'yan kasuwa ne ke kwashe sa'o'i cikin cunkoson motoci kowace safiya kafin su isa wuraren neman abincinsu.

Abin lura a nan shi ne, Abuja na cikin birane ƙalilan a Afirka da aka zana su a takarda kafin a aza tubalin farko. Kowace gunduma tana da lamba, kowane fuloti yana da iyaka, kowane titi an san inda zai bi. Duk da haka gidajen da ake ginawa da mutanen da ke neman wurin kwana sun kasa haɗuwa. Dalili kuwa shi ne, taswirar da ake aiki da ita ta san fili ƙwarai, amma saninta game da mutanen da za su zauna a kansa kaɗan ne. Ga mai son zuba jari a harkar gidaje, wannan giɓi shi ne ke raba riba da asara.

Yadda aka zana birnin

Idan za a iya tunawa, a watan Agusta na 1975 ne gwamnatin Janar Murtala Ramat Muhammad ta kafa kwamiti ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda domin ya duba ko birnin Ikko zai iya ci gaba da zama hedikwatar ƙasa. Kwamitin ya ba da shawarar a koma tsakiyar ƙasa. A watan Fabrairu na 1976 aka kafa Doka ta 6, wadda ta yanko ƙasa mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 8,000 daga yankunan da suka zama jihohin Neja, Filato da Kwara, ta kuma kafa Hukumar Raya Birnin Tarayya, watau FCDA.

An ba wa wata haɗakar kamfanonin Amurka mai suna International Planning Associates aikin tsara birnin, kuma ta miƙa babban tsarin a 1979. Shahararren mai zanen gine-ginen nan na ƙasar Japan, Kenzo Tange, shi ya zana tsakiyar birni. Ɗaya daga cikin kamfanonin haɗakar shi ne na Ian McHarg da abokan aikinsa. McHarg ya yi suna ne da wata dabara mai sauƙin fahimta: a zana taswirar duwatsu da gangare a kan takarda mai shara-shara, a zana ta koramu da fadamu a kan wata, ta irin ƙasa a kan wata, sa'an nan a ɗora su bisa juna a ɗaga su ga haske. Inda launi ya yi duhu, wurin bai dace da gini ba. Inda ya yi haske, nan ne za a yi unguwa. Wannan dabara ita ce tushen abin da kwamfuta ke yi a yau a ofisoshin filaye.

Birnin da aka zana yana da siffar jinjirin wata, da faɗin kimanin murabba'in kilomita 250, an kuma raba gininsa kashi huɗu. Kashi na ɗaya ya ƙunshi tsakiyar birni, Garki, Wuse, Maitama da Asokoro. Na biyu ya haɗa da Jabi, Utako, Wuye, Mabushi, Katampe, Kado, Gudu da Durumi. Na uku ya ɗauki irin su Gwarinpa, Karmo, Galadimawa da Lokogoma. An ware kusan rabin filin domin gidajen zama, kusan kashi ɗaya cikin uku kuma domin lambuna, tsaunuka da bakin koramu da ba za a yi gini a kansu ba. An yi hasashen birnin zai ɗauki mutum miliyan 1.6 zuwa shekarar 2000, kuma idan an kammala kashi na huɗu ya tsaya a kan miliyan uku da 'yan kai.

Ginshiƙin tsarin shi ne ƙaramar unguwa ta mutum dubu huɗu zuwa biyar, mai makarantar firamare da kantuna da wurin shan magani a tsakiyarta, ta yadda yaro zai je makaranta da ƙafa ba tare da ya ƙetare babban titi ba. Unguwanni da dama su haɗu su zama gunduma mai kasuwa da asibiti da sakandare. An kuma kasa filayen zama gida uku bisa yawan gidajen da za a yarda a gina a kowace hekta: masu ƙarancin jama'a kamar Maitama da Asokoro, masu matsakaici, da masu yawan jama'a inda aka tanadi benaye na iyalai da yawa, kamar wasu sassan Garki da Wuse.

Waɗanda aka sani da waɗanda aka manta

Mutumin da ke cikin zuciyar masu wannan zane ma'aikacin gwamnati ne. Gwamnati ce za ta gina gida, ta kuma raba shi bisa matakin albashi: ministoci da manyan sakatarori a Maitama da Asokoro, matsakaitan ma'aikata a benayen Garki da Wuse, ƙanana kuma a Nyanya, Karu da Kubwa. Muddin gwamnati ce mai gini kuma mai rabo, tsarin yana tafiya daidai gwargwado.

Amma birni ba ya rayuwa da ma'aikatan ofis kaɗai. Birkiloli, kafintoci da leburorin da suka gina Abuja an sauke su ne a sansanonin wucin gadi irin na Nyanya, da tunanin za su koma garuruwansu idan aiki ya ƙare. Aiki bai ƙare ba, su ma ba su koma ba. A bayansu direbobi, masu gadi, mahauta, teloli, masu sayar da abinci da 'yan tireda suka biyo, kuma babu wani launi a taswirar da aka ware wa mai samun kuɗin yini.

Haka nan batun 'yan asalin yankin, watau Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwarawa, da Koro, Gade, Gwandara, Bassa da sauransu. Da farko an ƙudura kwashe su duka zuwa wajen yankin. Binciken da ayarin Farfesa Akin Mabogunje na Jami'ar Ibadan ya gudanar a 1977 ya nuna yawansu ya zarce yadda aka zata, kuɗin diyya kuma ya fi ƙarfin baitulmali. A 1978 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta sauya shawara: waɗanda aikin gini ya shafa kai tsaye kaɗai za a tayar. Mutanen Wuse aka kai su Sabon Wuse a Jihar Neja, wasu ƙauyukan aka kai su Kubwa, ƙauyen Garki kuma ya zauna daram a tsakiyar sabon birni. Waɗannan ƙauyuka da suka saura, irin su Garki, Jabi, Mabushi da Durumi, su ne suka zama mafakar baƙo mai ƙaramin ƙarfi, domin a nan ne kaɗai zai sami ɗaki guda na haya kusa da wurin aikinsa.

Ƙididdigar jama'a ta 1991 ta sami mutum kimanin 370,000 a Yankin Birnin Tarayya. Ta 2006 ta sami fiye da miliyan 1.4, watau kusan ninki huɗu cikin shekara goma sha biyar. Wannan adadi bai haɗa da mazauna Mararaba da Masaka a Jihar Nasarawa ba, ko na Suleja da Madalla a Jihar Neja, waɗanda da yawansu a Abuja suke wuni.

Daga rabon gwamnati zuwa kasuwa

Abubuwa uku ne suka sauya fasalin harkar gidaje a farkon shekarun 2000. Na farko shi ne shirin gina rukunonin gidaje da aka ƙaddamar a 2000, inda gwamnati ke ba kamfanoni manyan filaye domin su gina su sayar. Yawancin rukunonin Lokogoma da Galadimawa daga nan suka samo asali. An yi shirin ne da sunan masu ƙaramin ƙarfi, amma gidajen da suka fito galibi na masu hali ne, kuma a wurare da dama gini ya riga titi da magudanar ruwa isa.

Na biyu shi ne manufar gwamnatin Shugaba Obasanjo ta 2003 ta mayar da alawus-alawus na ma'aikata kuɗi a hannu, wadda ta kai ga sayar da gidajen gwamnati tun daga 2005. Daga lokacin, sabon ma'aikaci da aka turo Abuja ba shi da gidan da ke jiransa. Sai ya shiga kasuwa, inda masu gida ke neman kuɗin hayar shekara guda ko biyu a dunƙule.

Na uku shi ne kafa ofishin taswirar filaye ta kwamfuta, wanda aka fi sani da AGIS, a zamanin da Malam Nasiru el-Rufa'i yake Ministan Birnin Tarayya, daga 2003 zuwa 2007. Kafin nan, fayilolin filaye na takarda ne, ana ɓatar da su, ana yin na jabu, har a ba mutum biyu ko uku fuloti ɗaya. AGIS ta kwashe bayanan ta zuba a kwamfuta, ta ɗora su a kan hotunan da aka ɗauka daga sama, aka kuma umurci duk mai takardar shaidar mallaka ya kawo a sabunta. Wannan aiki ya ƙara wa takardar filin Abuja daraja a wurin bankuna, kuma daga baya jihohi irin su Nasarawa, Kaduna da Kano suka kafa nasu ofisoshin a kan wannan salo.

Sai dai taswirar da ta tsare dukiyar mai takarda ita ce kuma ta nuna wa motar rusau hanya. A waɗannan shekaru aka rushe matsugunai a Idu, Karmo da wasu ƙauyukan hanyar filin jirgin sama, da sunan maido da babban tsari. Wani rahoto da ƙungiyar kare haƙƙin muhalli ta COHRE mai hedikwata a Janeba ta fitar a 2008 tare da takwararta ta Nijeriya, SERAC, ya ƙiyasta cewa mutum fiye da 800,000 ne aka raba da matsugunansu tsakanin 2003 da 2007. Da yawa daga cikinsu ba su bar aikinsu a birni ba. Sun dai ƙara nisa da shi, kuɗin motarsu ya ƙaru, hayar garuruwan kewaye kuma ta tashi.

Taswirar buƙata

Taswirar AGIS tana amsa tambayoyi biyu: fulotin na wane ne, kuma me aka yarda a gina a kansa. Tambaya ta uku, watau wa ke buƙatar gida a wannan wuri kuma nawa zai iya biya, tana buƙatar wasu shimfiɗu da za a ɗora a kan ta farko, kamar yadda McHarg ya yi da duwatsu da koramu.

Shimfiɗa ta farko ita ce ta wuraren aiki. Sakatariyar Tarayya da hedikwatocin hukumomi suna tsakiyar birni. Kasuwannin Wuse, Garki da Utako suna cikin kashi na ɗaya da na biyu. Kasuwar kayan gini da ta dabbobi suna Dei-Dei, makanikai suna Apo, masu kayan gyaran mota suna Gudu da Zuba, kafintocin kujeru suna Kugbo, masana'antu suna Idu, masu fasa dutse kuma suna Mpape. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan wurare yana jawo irin nasa mutane, masu irin nasu samu. Mahaucin da zai kasance a mayanka kafin gari ya waye, da ma'aikaciyar jinya mai aikin dare a Asibitin Ƙasa, nisa ya fi cutar da su fiye da ƙanƙantar ɗaki.

Ta biyu ita ce ta sufuri. Manyan hanyoyi uku ne ke shigo da jama'a: ta Keffi, ta Kubwa da ta filin jirgin sama. Tun 2006 aka hana 'yan acaba aiki a tsakiyar birni. Jirgin ƙasa na cikin gari, wanda aka buɗe a 2018, ya tsaya a 2020, aka sake tayar da shi a watan Mayu na 2024, yana bi ta Idu zuwa filin jirgin sama da kuma Kubwa, amma bai bi ta hanyar Nyanya da Mararaba ba, inda cunkoso ya fi tsanani. A taswirar buƙata, da minti da Naira ake auna nisa. Ɗakin da ya yi araha a Masaka yana iya fin na Durumi tsada idan aka tara kuɗin motar wata guda a kan haya, musamman tun bayan cire tallafin man fetur a 2023.

Ta uku ita ce ta ruwa, wuta da magudana. Madatsar ruwa ta Usuma da ke kusa da Bwari ita ce ke shayar da birnin, amma bututunta sun fi wadata a kashi na ɗaya da wasu sassan na biyu. A sababbin rukunoni da garuruwan kewaye, jama'a sun dogara ne ga rijiyar burtsatse da 'yan ga-ruwa. Wannan kuɗi ne da ba ya cikin takardar haya, amma yana fita daga aljihun ɗan haya kowace rana.

Ta huɗu ita ce ta haɗari. Filayen bakin koramu da babban tsari ya hana a taɓa, da yawansu an yanka su an gina. Ambaliyar da ta mamaye gidaje a rukunin Trademore da ke Lugbe a watan Yuni na 2023, har hukumomi suka ayyana wurin a matsayin yankin bala'i, da wadda ke addabar sassan Lokogoma a lokacin damina, sun nuna abin da ke biyo bayan gini a hanyar ruwa. A watan Satumba na 2018 kuma an ji motsin ƙasa a Mpape da kewayenta, har aka dakatar da fasa dutse na wani lokaci.

Ta biyar ita ce ta irin iyali. Magidanci mai mata biyu da 'ya'ya goma yana neman tsakar gida, zaure da makarantar Islamiyya a kusa, abin da benen ɗaki biyu ba zai ba shi ba. Matashi mai yi wa ƙasa hidima ko ɗalibin Jami'ar Abuja a Gwagwalada ɗaki ɗaya mai banɗaki ya ishe shi. Tsoho da ya yi ritaya da mai keken guragu suna buƙatar gidan ƙasa kusa da asibiti. Ma'aikatan ofisoshin jakadanci kuwa tsaro ne a gabansu, kuma su ne kasuwar da aka riga aka cika wa gidaje har suka yi yawa.

Abin da ya shafi mai jari

Idan aka ɗora waɗannan shimfiɗu bisa juna, abin da ke fitowa fili shi ne cewa ƙarancin gidaje a Abuja na wani aji ne na musamman: ɗaki ɗaya, ciki da falo, da ɗaki biyu, a wurin da mota guda za ta kai mutum aiki. Masu gini suna guje wa wannan aji ne saboda tsadar fili a cikin birni ba ta barin ƙaramin gida ya biya kansa, sai fa idan an yarda a yi sama da bene. Shi ya sa filayen da ke kusa da tashoshin jirgin ƙasa da mahaɗar manyan hanyoyi suka cancanci kulawar masu tsari da masu jari baki ɗaya. Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992 kuma ake cirar kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci domin sa, yana ba da lamuni ta hannun Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, amma lamunin ba ya amfanar ƙaramin ma'aikaci idan babu gidan da farashinsa ya yi daidai da albashinsa.

Kafin a biya ko kwabo, akwai abubuwan da taswira ke warwarewa. Kowace gunduma tana da lambar shiyya: tsakiyar birni A00, Asokoro A04, Maitama A05 da A06, Jabi B04, Utako B05. Harafin farko yana nuna kashin da gundumar ke ciki, kuma daga shi mai saye zai iya hasashen ko titi da ruwa sun iso. Binciken fayil a AGIS zai nuna mai fulotin na gaskiya, da abin da aka ware shi dominsa, da ko yana kan hanyar titi, bututu ko wayar lantarki. Kazalika, ƙasar Yankin Birnin Tarayya duka tana hannun Gwamnatin Tarayya, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2008 cewa Minista ne kaɗai ke da ikon ba da haƙƙin mallaka a cikinta. Don haka takardar dagaci ko mai unguwa ba ta kare gini daga rusau. Harajin fili na shekara-shekara ma ba abin wasa ba ne: a 2025 hukumar Birnin Tarayya ƙarƙashin Minista Nyesom Wike ta sanar da soke takardun filaye fiye da 4,000 a tsofaffin gundumomi saboda an shafe shekaru ba a biya ba.

Darasi daga waje

Zana talauci da wadata a taswira tsohuwar dabara ce. A 1889 wani attajiri mai jiragen ruwa a Ingila, Charles Booth, ya buga taswirar birnin Landan inda ya shafa wa kowane titi launi bisa samun mazaunansa, daga baƙi na mafi talauci zuwa ruwan zinariya na masu dukiya. Aikin nasa ya taimaka wajen jawo hankalin hukuma ga gidajen talakawa da fanshon tsofaffi. Brasiliya kuwa, sabuwar hedikwatar ƙasar Brazil da aka buɗe a 1960, ta faɗa ramin da Abuja ta faɗa daga baya: leburorin da suka gina ta ba su sami gurbi a zanen ba, aka tura su garuruwan kewaye irin su Taguatinga da Ceilandia, kuma a yau mafi yawan jama'ar yankin a can suke zaune.

Kayan aikin da ake buƙata domin yin irin wannan taswira a Abuja duk suna nan. Hukumar Binciken Sararin Samaniya ta Ƙasa, wadda ta harba tauraron ɗan Adam na farko na Nijeriya a 2003, a Abuja take. AGIS tana da iyakokin fulotai, hukumar ruwa ta san inda bututunta suka tsaya, ƙungiyoyin direbobi sun san kuɗin kowace hanya, dillalai kuma sun san hayar kowace unguwa. Abin da ya rage shi ne a tara waɗannan bayanai wuri guda, a kuma buɗe su ga jama'a, tare da sa ƙauyuka da matsugunan talakawa a cikin taswirar da sunayensu da yawan mutanensu. Tun a 1999 aka yi taron ƙasa da ƙasa a Abuja domin sake nazarin babban tsarin 1979. Filayen kashi na huɗu da na ƙananan hukumomin Bwari, Kuje, Gwagwalada, Kwali da Abaji su ne sauran sararin da birnin ke da shi, kuma yadda aka yanka su shi zai nuna ko direba, malamin makaranta da ɗan tireda za su sami wurin kwana a birnin da suke yi wa hidima.